Lambar wayarka ba ta ofis ba ce

A aikin nan na kare tsofaffi, naƙasassu da masu taɓin hankali a Legas, babu kuskuren da ya kai na lambar waya tsada. Sabon jami'in jin daɗin jama'a, musamman Bahaushe, yakan miƙa lambarsa ta gida tun ziyarar farko. Tsoho ne sa'an kakansa ya roƙa, da wane baki zai ce a'a? Daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Masu jin Hausa a ofis ba su da yawa, don haka duk ƙorafin da ya fito daga Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko masaukin mabarata na Oko-Baba a Ebute Metta, kansa yake faɗowa. Shi ne jami'i, shi ne tafinta, shi ne ɗan rakiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Lambar kuma ba ta tsayawa a hannun tsohon. Za ta kai ga ɗan jagora, ta kai ga ɗan'uwan nan da ke karɓe kuɗin baransa kullum da yamma, wato shi wanda ake bincike a kansa. Wannan kuwa ya san masallacin da kake Juma'a, ya san wanda zai turo maka. Farko gaisuwa, sai roƙo, sai "mu da kai duk ɗaya ne, kada ka tona mana asiri a gaban baƙi", ƙarshe barazana ƙarfe 2 na dare. Jami'in da ya yi wata uku a haka, rahotonsa ma laushi yake yi, shi bai sani ba.

Maganin ba shi da wuya. Layi na biyu a ƙaramar waya daban, a kashe ta ƙarfe 6 na yamma. A rubuta wa iyalin lambar agajin gaggawa, 112 ko 767, a takarda saboda larurar dare. Ziyarar da ta shafi zargin duka ko cin dukiya, mutum biyu ake zuwa. A bar adireshi da lokacin dawowa wurin abokin aiki, in an wuce da minti 30 ya kira. A zauna kusa da ƙofa, kuma tunda takalmi a bakin ɗaki ake barinsa, a sa wanda ake zurawa, ba mai igiya ba. A fara gaida Sarkin Makafi ko Sarkin Hausawan unguwa kafin a shiga, amma gaisuwa kawai, abin da ke cikin fayil ba nasu ba ne.

Sai batun shugaban da ba ya ganin komai sai yawan fayil. Yinin da ka yi kana fassara wa abokan aiki ba ya shiga lissafinsa, ƙarshen wata kuma kai ne mai jan ƙafa. Gardama da irinsa ɓata yawu ne. A riƙe littafi: rana, lambar fayil, sa'o'in tafinta, sa hannun wanda aka yi wa. Ba don zai gode ba, don ranar takardar tuhuma.

Jiki ma yana da haƙƙi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ne: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Mai tarin da ya kai mako 2, a waje za a zanta da shi, a tura shi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitin gwamnati. Cizo ko sukar allura, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, a tafi asibiti ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau ba ya amfani bayan awa 72. Ƙazuwa kan bi katifa da zane, kada a zauna a kan shimfiɗa.

In ka fara jin haushin ƙarar waya, ko ka ji labarin tsohuwar da aka ɗaure a ɗaki bai motsa ka ba, ba taurin zuciya ba ne, gajiya ce, ka nemi hutunka a rubuce.

Duk raunin da aka ji a bakin aiki a sanar da ofis a rubuce, a ajiye kwafi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kwana 14 ta bayar, kuma "ai na gaya wa Oga a waya" ba hujja ba ce.