TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Mudun Baba

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, na kuma yi alkawarin yau zan shiga zancen aurena. Ku yi mini afuwa, auren zai jira. Ranar Talata jikata tana share ɗakin ajiya ta ci karo da mudun Baba, ta fito da shi tana tambaya ko ta riƙa zuba wa kaji ruwa a ciki tunda ya tsufa. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Yarinya ba ta yi laifin komai ba, na kuma ba ta haƙuri da yamma. Amma tun daga ranar nake kwana ina tashi da yunwar nan ta bayan farin 1973, to gara in sauke.

Kwano ne na ƙarfe, bakinsa ya ɗan lotse ta gefe ɗaya, ba wani abin kallo ba. Waɗanda suka biyo ni tun kashi na biyu sun san Baba ya yi shekara huɗu a Yadakunya yana shan maganin kuturta a hannun mishan. Ya dawo ƙasar Roni da guntayen yatsu, da karatun boko, da Littafi Mai Tsarki, tsohon juyin nan na 1932 wanda Likita Mila ya sha wahalarsa a Zariya. An yi masa baftisma a 1954, shekarar da aka kafa ikilisiyar ECWA, kuma har ya koma ga Ubangiji da wannan yake ƙirga shekarunsa, don bai san shekarar haihuwarsa ba. Mudun a Kazaure ya saye shi a hanyar dawowa. A cikin littafin nan akwai wuri a Kubawar Shari'a, sura 25, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Baba ya taƙaita ayar ta zama tasa: "Mudu ɗaya ne a gidan nan." In ya kama ni da ƙarya, mudu ɗaya ne a gidan nan. In Inna ta fifita ni a kan ɗan riƙonta wajen rabon nama, mudu ɗaya ne a gidan nan. Har gajiya muke da jin ta.

Wanda bai yi awo a kasuwar ƙauye ba, ba zai gane nauyin maganar ba. Ma'auni yana da mudun saye mai faɗin ciki, yana da na sayarwa wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. In zai saya daga hannun manomi sai ya tara hatsi ya yi tozo, ya kewaye bakin kwanon da hannu don kada ƙwaya ta zube. In zai sayar sai hannun ya ɓace. Baba kan yi dariya ya ɗaga dungulminsa ya ce Allah ya riga ya raba shi da wannan jaraba. Kasuwar Dambatta kuwa, wadda ta fi kowace kuɗi a yankinmu, ran Lahadi take ci, shi kuma ba ya taka kasuwa ran Lahadi. Wannan kaɗai ya ishe mu talauci.

Baffa, yayansa, shi ne mai gandu. Na riga na faɗi yadda aka rabu: da damina ta kawo kai aka ce kowa ya kawo jan zakara da dawar giya don a yi wa iskokin gona yanka, Baba ya ce noma zai yi, gayya zai je, haraji zai biya, amma zakara ba zai bayar ba. Baffa ya fitar da shi daga gandu, ya nuna masa faƙon nan na bayan tudu inda ko tsidau ba ya fita, ya ce Yesun nasa ya ba shi hatsi a can. Ina so 'ya'yan Baffa, waɗanda na san suna karanta wannan a waya, su lura: faƙo aka ba shi. Gonar da kuke cewa yau ta kakanku ce, Baba ne ya yi ta da jaki da mangala, yana kwasar taki daga masai da makiyayar Fulani, shekara goma sha wani abu. Ni na kora jakin. Za mu dawo kan wannan.

Ruwan 1972 bai yi kirki ba. Na 1973 kuwa, an yi shuka sau uku a garinmu, gero ya fito ya bushe a tsaye. A shekarar ne aka canja kuɗi, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma, tsofaffi suna ta rikicewa da lissafi, ga hatsi kullum sai tashi yake. Da rani Buzaye suka fara gangarowa daga Nijar, mutanen da dā ke da raƙuma da shanu, suna bara da ƙoƙo. Zuwa bazarar 1974 mata suna tonon gidan tururuwa su sheƙe abin da suka samu. Dusa ta zama abinci. Tafasa da yaɗiya, in an samu ƙuli a kwaɗa, in ba a samu ba gishiri ya isa. A lokacin na fara ganin garin kwaki, wanda dā muke cewa abincin mutanen kudu.

Mu muna da rumbu biyu cike. Ba wani abin al'ajabi ba ne, kada wani mai wa'azi ya ɗauka ya ƙara masa gishiri. Danginmu rabin dawarsu a tukunyar giya take ƙarewa, biki kan biki, mu kuwa ba a dafa giya a gidanmu. Kuma Baba ba ya taɓa sabon hatsi sai tsoho ya ƙare. A rumbu na biyu akwai dami ashirin da aka ware, kowa a gidan ya san na kuɗin makarantata ne a Roni. Ina aji shida, ni ne na biyu a lissafi.

Wani ɗan kasuwa ya zo daga Kano da mota ya taya rumbunan duka, kuɗin da zai sayi shanun huɗa da garma har a yi canji. Baba ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya. Washegari bayan addu'ar asuba ya sa ni na hau na buɗe rumbun farko, Inna da Goggo suka sussuka, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya ajiye mudun. Mai kuɗi ya saya a farashin kakar da ta wuce. Marar kuɗi ya ɗauka bashi, mudu a bakin mudu. Alhali a ko'ina a lokacin dami ɗaya za ka ci ka biya biyu da kaka.

Dattawan ikilisiya biyu suka zo da dare. Ɗaya ya buɗe Galatiyawa 6:10 ya karanta inda aka ce a kyautata musamman ga iyalin masu bangaskiya, ya ce hatsin nan a tsayar da shi ga masu bi, gida goma sha ɗaya ne kawai, zai kai mu kaka. Ni ina bayan zana ina cewa amin a zuciyata. Baba ya ce, "Malam, ɗan koma baya kaɗan, ka tsallake farkon ayar." Farkon kuwa cewa ya yi a kyautata wa dukan mutane. Ya ce in ya auna wa mai bi da mudu ɗaya, ya auna wa Musulmi da Bamaguje da wani, to ya zama mai mudu biyu ke nan. Suka tashi ba sallamar kirki.

Liman ma ya zo, bayan lisha, don kada a gan shi. Almajirai goma sha huɗu ne a zaurensa, iyayensu ba su da abin aikowa. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Da kaka ya biya da tozo har yana zuba, kuma shi ne daga baya in gardamar awo ta tashi a kasuwa yake cewa a je a ɗauko mudun Kirista. Da aka yi rikicin Kano na Oktoban 1991, wata biyu bayan an yanke mu an ce mun zama Jigawa, wasu samari suka fara taruwa a bakin kasuwa, ɗan limamin ne, wanda ya gaje shi, ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar majami'armu ya zauna yana jan carbi har gari ya waye. Ya ce da geron gidan nan ya yi saukar Alƙur'ani. Wannan labarin wani kashi ne daban.

Sai ga Baffa. Bai zo da dare ba, da hantsi ya zo, da buhu a kafaɗa, kamar mai karɓar bashi. Shekara goma sha tara bai taka gidanmu ba. Ko sunan Auta bai zo ba. Baba ya miƙe ya ba shi tabarmar, shi ya tsuguna a ƙasa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya mutan gida?"

"Yunwa," in ji Baffa. Iyakar gaisuwarsa ke nan.

Mudu arba'in. Ni na riƙe bakin buhun, ni na ƙirga. Rumbun farko ya riga ya ƙare, don haka daga dami ashirin ɗina aka sussuko. Inna ta fito daga madafa, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙo ba, ta ce, "Malam, na yaron nan ne fa." Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani." Da yake ni ɗan fari ne ba ya kama sunana, sai ya ce, "Kai, buɗe buhun da kyau."

Ban koma Roni ba. Da aka kawo ilimi kyauta a 1976 na riga na zama ƙato, fartanya ta cinye hannuna. Wanda nake kayarwa a lissafi ya yi ritaya yana darakta. Ba hassada nake ba, faɗa nake.

Kuma a bazarar nan ƙyanda ta shigo gari ta ɗauki Auta, tana shekara uku. A lokacin mu ma mun koma cin abinci sau ɗaya, kunu da rana, dare sai abin da Allah ya hore. Na sha jin masu aikin asibiti suna cewa ƙyanda ta fi kashe yaron da yunwa ta riga ta raunana. Ban taɓa faɗa wa Baba wannan ba. Inna ta faɗa masa sau ɗaya, a daren da aka binne Auta, na ji ta cikin duhu. Bai amsa ba. Can sai na ji yana rera waƙar sujada a hankali, murya tana karyewa, ya kasa kai baiti na biyu. Mutane suna son in ce ban taɓa jin haushinsa ba. Na ji. Na yi shekaru ina ji. Akwai Lahadin da in an zo Jibin Ubangiji sai in fita waje, don ba zan iya karɓar ƙoƙon daga hannunsa ba, shi ne dattijon da ke zagayawa da shi.

Daminar 1974 ta yi kyau. Masu bashi suka yi ta kawowa, wasu ba su kawo ba har yau, Baba bai aika wa kowa ba. Baffa ya aiko babban ɗansa da jaki, da nasu mudun. Aka auna arba'in cif. Ni kuwa tun daga nesa na ga gindin kwanon. Da suka tafi na ɗauko namu na sake aunawa: talatin da uku da ɗan kaɗan. Na ruga gona na sami Baba ina haki, na ce Baffa ya cuce mu mudu bakwai, a bar ni in je. Ya jingina da fartanya ya dube ni ya ce, "Wa ya sa ka sake awo?" Na ce ai mudu ɗaya ne. Ya ce, "A gidan nan na ce. Ban ce a gidansa ba."

Wanda ya koro jakin nan yana raye. Shi ne bara ya tsaya a gaban mai unguwa ya rantse cewa ubansa aro ya ba Baba gonar bayan tudu. Na zauna ina kallon bakinsa. Matata ta riƙe mini gefen riga, don ta san abin da ke kan harshena. Ban faɗa a can ba, amma ga shi na rubuta: bakwai. Fasto ya ce in yafe, na ce na yafe, mantuwa ce ban yi ba, ya ce to da sauran aiki. Wataƙila da gaskiyarsa.

Kada kuma ku ɗauka ni na gaji Baba. Wajen 1986 na samu aikin sito a wani wurin rabon takin zamani, ba zan faɗi ko ina ba ne. Mota ta sauke buhu ɗari huɗu da hamsin, takarda ta ce ɗari shida, maigidana ya miƙo biro ya ce kowa da rabonsa. Na tuna dami ashirin. Na ce a raina duniya ta ci bashina, yau zan fara karɓa. Na sa hannu. Da kuɗin na yi wa ɗakin Inna rufin kwano, ta yi ta sa mini albarka, Baba kuwa ya tsaya yana kallon kwanon yana sheƙi, ya tambaye ni nawa ne albashina. Na faɗa. Bai ce komai ba.

Ran Litinin ina zaune a sito sai ga shi a ƙofa, ya yi tafiyar awa uku a ƙasa da ƙafafun nan nasa da ba sa jin ƙaya, jini a takalminsa na taya. Ya gaida maigidana da ladabi. Ya kwance ƙullin da ke hammatarsa, ya ajiye mudun a kan teburina, a kan takardun. Ya ce shi ya tsufa, ya daina awo, in riƙe. Ya juya ya kama hanya, ko ruwa bai sha ba.

Mota ta biyu ran Alhamis za ta zo. Abin da ya faru ran Alhamis ɗin, da yadda na wayi gari ba aiki ana saura wata biyu bikina, shi zan kawo mako mai zuwa in Ubangiji ya bar mu, don ta nan zancen auren ya biyo.