Adireshin shafi da ajin da ke bayansa

Mu huɗu ne a shagonmu a Tawa, kuma abincinmu rubuta manhajar intanet wa 'yan kasuwa, makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin manoma. Waɗanda ke biyan mu ba ruwansu da Python ko Java, harsunan da ake rubuta manhaja da su. Abu ɗaya daga aikinmu ke zuwa hannunsu har su miƙa wa wani: adireshin shafi, layin nan da ake kwafa a tura ta WhatsApp. Shi ya sa yadda ake haɗa adireshi da rubutun da ke bayansa ya zama maganar kuɗi a wurinmu.

Ƙananan ayyuka da CherryPy muke yin su, wani tsarin gina manhaja na Python da ke nan tun 2002. Daɗinsa, ba sai ka zauna kana jera adireshi ba. Kowane sashe na manhajar ajinsa ne daban (aji a nan dunƙulen rubutun manhaja ne mai suna, wanda ke riƙe da ayyukan da manhajar ke yi), kuma kana iya ɗora aji a cikin aji. Kamar gida ne: ka shiga zaure, ka wuce tsakar gida, sannan ka kai ɗaki. Idan babban aji yana riƙe da wani mai suna kaya, shi kuma yana riƙe da albasa, a cikin albasa akwai aiki mai suna farashi, to wanda ya buɗe /kaya/albasa/farashi zai faɗa kan aikin nan kai tsaye. Tsarin yana yanka adireshin gaɓa-gaɓa, yana neman kowace gaɓa a cikin ajin da ya gabace ta. In adireshin ya tsaya a kan aji, aikin da ake kira index ne ke amsawa. In gaɓoɓi sun rage, misali lambar buhu, sai a miƙa su ga aikin ƙarshe ya san yadda zai yi da su. Aikin da ba a yi wa alamar expose ba kuwa, wato alamar da ke buɗe shi ga jama'a, ko mutum ya canki sunansa 404 zai gani, saƙon da ke cewa ba a sami shafin ba, kuma wannan kariya ce mai kyau.

Yaro sabon shiga yana fahimtar wannan a yini guda, ya duba adireshi ya san inda zai nemi rubutun. Ban raina wannan ba ko kaɗan.

Sai dai sunan da ka raɗa wa aji a ɗakin aiki ya fita waje ke nan, don shi ne ke bayyana a adireshin. Python na yarda ka rubuta suna da ƙ ko ɗ, amma idan aka kwafi adireshin sai ƙ ta koma %C6%99, layi ya cika da tarkacen da mutum ke tsoron taɓawa. Don haka a shagonmu sunan aji ba ya ɗaukar harafi mai lanƙwasa. A Wicket, wani tsarin gina manhaja na Java, abin ya fi muni: shafin da ba a ba shi adireshi da hannu ba yana fitowa da /wicket/bookmarkable/ da cikakken sunan ajin, in kuma aji ne a cikin aji har da alamar $ a tsakiya.

Babbar matsalar ita ce canji. Wata ƙungiyar dillalan albasa ta wajen Galmi muka yi wa manhajar da ke nuna farashin buhu kowace safiya. Da tafiya ta yi tafiya suka ƙara tumatir da tattasai, shugabansu ya zo shago ya ce a haɗa duka a ƙarƙashin kayan lambu. A rubutu aikin minti kaɗan ne, ka ciro albasa daga kaya ka sa ta cikin sabon aji. Amma da ka yi haka adireshin ya koma /kaya/lambu/albasa/farashi, tsohon ya mutu.

Na ce, "Alhaji, wancan adireshin su wa ke da shi?"

Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Yana manne a saman zauren WhatsApp na masu saye a Kumasi, akwai shi a na Abijan, an kuma buga shi a ƙasan rasit ɗin da suke ba direbobi. Ya ce, "Malam, ai tun bara kowa shi yake dannawa." Mai saye a Gana da ya danna ya ga 404 ba zai ce an gyara manhaja ba, cewa zai yi ƙungiyar ta rufe, ya kira wani dillali.

Mun yi musu canjin, amma muka bar wani ɗan aiki a tsohon wurin, mai mayar da amsar 301, wadda ke gaya wa waya cewa shafin ya ƙaura har abada, ta bi sabon adireshi da kanta.

Yanzu hanya biyu muke bi. Shafukan ciki, inda ma'aji ko magatakarda ke shiga da kalmar sirri, muna barin jerin azuzuwa ya ba su adireshi, don ba wanda ke tura su. Shafin da jama'a za su gani kuwa da hannu muke rubuta adireshinsa, gajere, irin /albasa, a teburi guda, kamar yadda masu Django, wani tsarin gina manhaja na Python, ke yi a fayil ɗin urls.py. Ajin da ke bayansa ya yi ta ƙaura yadda muke so. Yaranmu kan yi ƙorafin aiki biyu ne, kuma gaskiyarsu, ya fi cin lokaci.

Kafin mu fara rubutu muna buga jerin adireshin a takarda, mai aiki ya karanta ya sa hannu. Kula da tsofaffin adireshi ma mun ware masa layinsa a takardar kuɗi, 'yan jakunkuna a shekara. A kan layin nan aka fi ja mana ciniki, don mai biya ba ya ganin komai sabo a fuskar wayarsa.