Laraba, tsakiyar hunturu

Tun kafin kiran assalatu ciwon ya taso. Daga ƙugu ya fara, ya gangara cinya, ya zauna a gwiwar hagu kamar ana buga ƙusa cikin ƙashi. Mai sikila ba sai an gaya masa hunturu ya shigo ba. Sanyi na matse jijiyoyi, ƙwayoyin jininmu kuma da ma a lanƙwashe suke, sai su cushe a ƙananan hanyoyi, jini ya kasa wucewa. Umma ta zuba ruwan zafi a gora, ta naɗe da tsumma ta ɗora min, ta miƙo magani. "Daure ki ƙara shan ruwa, Auta." Ba ta koma barci ba.

Da hantsi Gwaggo ta leƙo dubiya, ta ce sai haƙuri, ko ƙaya ce ta soki mumini kankarar zunubi ce. Na yi imani da haka har cikin zuciyata. Amma idan ciwo ya kai maƙura, kalmar haƙuri ita kaɗai ba ta da inda zan kama in riƙe. Annabi Ayuba, da duk juriyarsa, sai da ya kai kuka wurin Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi. Ni ma na kai nawa, hawaye har cikin kunne.

Bayan la'asar sai ga 'yar maƙwabtanmu, wadda aka sa ranar bikinta bayan ƙaramar Sallah. Ta tsaya bakin ƙofa tana jin nauyin shigowa. Na ce ta shigo. Ta zaro takarda daga cikin hijabi, hannunta na rawa. Tun da aka kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024, irin waɗannan takardun sun yawaita a ɗakina, don unguwa ta san ni da ciwon. Ita AS, saurayinta ma AS, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila a jini amma ba ya ciwon.

"Anti, an ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai samu. To idan muka tsaya a uku fa?"

Sai da na yunƙura na jingina da bango. Wannan fahimtar ta jefa gidaje da yawa cikin wahala. Na ce mata ba haka lissafin yake ba: kowane ciki da nasa rabon, kashi 25 cikin 100, ko na fari ne ko na biyar. Ana iya haifar uku a jere duk SS, wato masu ciwon irina. Na gaya mata ƙwayar jinin mai lafiya na kai kwana 120, tamu kuwa da ƙyar take wuce 20, shi ya sa ƙarin jini da kwanciya asibiti ba sa ƙarewa. Na gaya mata ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a Najeriya, da yawansu ba sa kai shekara 5. Ban ce ta fasa ba, wannan ba hurumina ba ne. Na dai ce ta dube ni da kyau, ta kuma dubi idon Umma, wadda aka aurar lokacin da ba wanda ya san wani gwaji, amma har yau take ɗora wa kanta laifin da ba nata ba.

Ta yi kuka, na riƙe hannunta. Sai bayan ta fita na lura tsawon zamanmu ban yi nishi ba. Ciwon na nan, ko kaɗan bai ragu ba, amma ya tashi daga abin da ake yi min ya koma abin da nake da shi a hannu, wanda wata ke buƙata. Likita zai yi mata bayanin da ya fi nawa tsari, sai dai ba daga kan wannan katifar ba. Wallahi da safe na ji kamar ba ni da amfanin komai a gidan nan sai cinye kuɗin magani.

Ta ce gobe za ta dawo da yayar saurayin, wai ita ce mai faɗa a ji a gidansu, kuma ba ta yarda da zancen gwaji ba. Na roƙi Umma ta tashe ni da wuri ta haɗa min ruwan wanka mai ɗumi, ina so su same ni a zaune. Allah Ya ba ni ikon yin maganar ba tare da na tsorata su ba.