Rumfunan dukawa a unguwarmu

Jiya da la'asar na leƙa tsohuwar unguwarmu a Birnin Kebbi, inda na taso ina jin ƙarar guduma daga maƙera da ƙamshin jemammiyar fata daga rumfunan dukawa. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1991 filaye suke ta tsada, amma abin da na gani wannan karon ya taɓa ni ƙwarai. An rushe rumfuna da dama an gina shaguna masu bene, ga masu sayar da waya, ga masu POS, ga gidan abinci mai gilashi a daidai wurin da ake shanya fatu a da.

Ban ƙi gyaran ba, domin an kwashe bola, an gyara magudanar ruwa, matasa kuma sun samu aikin yi. Sai dai dattijon da ya ɗinka mini gafaka ina yaro ya ce mini, "Ɗana, kuɗin haya ya fi ƙarfina." Yanzu a zauren gidansa yake aiki, can bayan gari inda masu saye ba sa zuwa, kuma yaran shagonsa biyu sun koma kabu-kabu.