Ƙananan kalmomin Turanci ne suka fi kayar da ni

Ƙannena, lokacin da na ɓata ina haddar manyan kalmomin Turanci, da a kan ƙanana na kashe shi da na fi cin riba. A da gani nake iya Turanci shi ne ka jefo kalmar da sai an buɗe ƙamus kafin a gane nufinka. Ina cikin wannan hali na rubuta takardar neman aiki, na ce ba na son in "loose" wannan dama. Wanda na kai wa ya duba mini ya zagaye kalmar da jan biro, bai ko tanka manyan kalmomin da na jera ba. "Lose" ita ce rasa abu, "loose" kuwa abin da ya yi sako-sako ne. Kwamfuta ba ta ja mini layi ba, domin duka biyun kalmomi ne ingantattu, don haka kada ku sakar mata aikin dubawa.

Irin wannan kuskure yana da naci ne saboda rubutun Turanci da furucinsa sun daɗe da raba gari. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, daidai zamanin da furucin wasulan harshen yake sauyawa. Rubutu ya fara zama wuri ɗaya, baki kuwa bai tsaya ba. Shi ya sa kunne ba abin dogaro ba ne. Ba zai raba muku "their", "there" da "they're" ba. Su kansu waɗanda suka tashi da harshen suna rubuta "could of" maimakon "could have", domin taƙaitacciyar "could've" haka take faɗawa a kunne.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "its" da "it's". An koya mana cewa ɗan waƙafin nan na sama alamar mallaka ne, kamar a "the boy's book", sai na ɗauka ko'ina haka ne. Ashe "it's" taƙaitawar "it is" ce ko "it has", ba ta da wani aiki bayan wannan. Ta mallaka ita ce "its", ba waƙafi, 'yar'uwar "his" da "hers". Yanzu duk inda na rubuta "it's" sai na warware ta a zuciyata. In "it is" ko "it has" ba ta zauna a jimlar ba, waƙafin ya fita. Har yau ina ganin wannan kuskure a takardun mutanen da suka yi zurfi a karatu, kuma yana yi mini ciwo, domin gyaransa bai kai minti ɗaya ba.

Sai sunayen da ba sa karɓar jam'i: "information", "equipment", "furniture", "advice". Kada ku liƙa musu "s". In shawara guda kuke nufi, ku ce "a piece of advice", kuma ku lura "advise" aikatau ce. Haka "discuss" ba ta son "about" a bayanta, kuma bayan "did" aikatau tana komawa siffarta ta asali, wato "did go". Na kuma daɗe ina cewa "borrow me your pen", alhali mai karɓa ne yake "borrow", mai bayarwa "lend" yake yi. Maganin da ya yi mini aiki shi ne na daina haddar kalma ita kaɗai, sai tare da jimlar misalin da ƙamus ya kawo.

Kuskuren da na fi nadama ba na nahawu ba ne. Da na ɗan samu ƙwarewa, sai na shiga gyara wa mutane a bainar jama'a. Wata rana na ce wa abokin aikina ya rubuta "color" ba daidai ba, a gaban mutane, na ga fuskarsa ta canza. Ni ne ban sani ba. Ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a 1828 ya taimaka wajen tabbatar da "color" da "center" a Amurka, Birtaniya kuma ta riƙe "colour" da "centre". Na ba shi haƙuri, amma ya daɗe bai sake nuna mini rubutunsa ba. In za ku yi wa wani gyara, ku fara duba ƙamus, sannan ku ja shi gefe. A naku rubutun kuwa, ku zaɓi salon Amurka ko na Birtaniya, ku saita kwamfutarku a kansa, kada ku gauraya su a takarda ɗaya.