Motar Da Ake Hura Wa Wuta

Shekarata goma sha tara ina kanikanci, bakwai a Kaduna, sauran a nan jihar Pennsylvania ta Amurka. Ban taɓa tsayawa gaban mota na rasa inda zan sa hannu ba sai ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Akwai wani dattijo Bature da ke kawo mana motarsa gareji. Tun bara yake ce mini yana da wata tsohuwar mota a gida wadda sai na gani da idona. Da na je, ya buɗe rumbunsa, sai ga Stanley, mota mai aiki da tururi, ƙirar 1914, ja, fitilunta na tagulla, tayoyinta sirara masu sandunan katako. Na ɗaga bonet da niyyar ganin inji, sai na tarar da tukunya. Tukunyar ruwa ce zagayayya kamar ganga, murhu a ƙarƙashinta. Babu fulogi, babu kafireto, babu lagireto. Injin yana can ƙasa ta baya, kwance, fistin biyu kacal, haɗe kai tsaye da gindin tayoyin baya.

Tayar da ita ya ci mana kusan rabin awa, kuma a wurina nan ne daɗin ya fara. Dattijon ya durƙusa da wutar hannu yana gasa wani siririn bututu har ya yi zafi, sannan ya buɗe fetur kaɗan, ƙaramar wuta shuɗiya ta kama. Duk wanda ya taɓa kunna fitila mai famfo ya san wannan aikin: sai ƙarfe ya yi zafi mai ya zama iska kafin ya ci da kyau. Bayan nan ya saki kananzir zuwa babban murhu. Wani kuka ya tashi daga cikin bonet, dogo, kamar iskar hunturu a kafar taga. Muka zuba wa gejin matsin tururi ido, allura tana hawa a hankali, 100, 200, har ta kusa 500, sai wutar ta rage kanta da kanta.

Na tambaye shi ko tukunyar ba ta fashewa. Ya ce an naɗe jikinta da siririyar wayar ƙarfe mai ƙarfi, zagaye bisa zagaye, kuma a cikinta akwai ɗaruruwan ƙananan bututu da wuta ke bi. In matsi ya yi yawa, bakin bututun ne ke fara yoyo. Abin da yake tsoro shi ne ruwa ya yi ƙasa, tukunya ta ƙone. Ya maimaita mini wannan sau uku.

Kakana ya yi aikin zuba kwal a jirgin ƙasa, a Zariya ya zauna har ya rasu. Muna yara yakan ce direban jirgi hanya yake kallo, shi kuwa ruwa da wuta yake kallo. A wannan motar mutum ɗaya ne ke yin aikin su biyun.

Sitiyarin a dama yake. Na zauna, ƙafata ta hagu ta tafi neman kuloci, babu. Giya ma babu. Totur ɗin wani ɗan hannu ne a ƙarƙashin sitiyari. Dattijon ya buɗe wata 'yar kafa domin ruwan da ya kwanta a inji ya fita, farin tururi ya lulluɓe mu, sannan ya ce in tura hannun kaɗan, kaɗan ƙwarai.

Motar ta tafi kawai. Ba ta girgiza ba, ba ta yi gurnani ba, kamar wani ƙato ne ya dafa bayanta ya tura. Abin da nake ji shi ne cuf, cuf, cuf a ƙarƙashina, da ƙarar tsakuwa a tayoyi, da busassun ganyen kaka da muke takawa. Da muka ɗan yi sauri ma sai cuf ɗin ya narke ya zama huci. Injin fetur sai ya yi juyi da yawa kafin ya samu ƙarfi, shi ya sa muke ta fama da giya. Tururi kuwa ƙarfinsa a tare yake cikin tukunya, yana jiran a buɗe masa ƙofa. Akwai wani tudu kusa da gonarsa, ya sa na tsaya cak a tsakiyarsa, na sake tura hannun, ta haye ba tare da ta ja baya ko taku ɗaya ba. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

A nan na fahimci yadda aka yi Fred Marriott ya kai gudun mil 127 a awa da motar tsere ta Stanley a bakin tekun Ormond da ke Florida a 1906, ya zama wanda ya fi kowa gudu da mota a duniya a lokacin. Tagwaye ne suka kafa kamfanin, Francis da Freelan Stanley, 'yan garin Kingfield a jihar Maine, kuma da sana'ar kayan hoto suka fara arziki.

Amma hankalinka ba ya hutawa. Famfon ruwa ba ya aiki sai mota tana tafiya, don haka ido ɗaya a hanya, ɗaya a ma'aunin ruwa. In ka zuba tururi da yawa a tudu, allura ta faɗi, dole ka sassauta tukunya ta farfaɗo. Birki a tayoyin baya kaɗai yake, sai ka fara shirin tsayawa tun daga nesa. Ruwa kuma tana shansa, dattijon ya ce kusan galan guda a kowane mil. Mun tsaya a bakin wani rafi, ya jefa mesa, tururi ya zuƙo ruwan zuwa tanki. A da, in ji shi, a kwamin shayar da dawakai ake yin haka.

Ban ga laifin mutanen da suka guje ta ba. Ford ya fito da Model T a 1908 da araha, Cadillac ta kawo tayar da inji da lantarki a 1912, mai sauri ba zai durƙusa rabin awa yana hura wuta ba. Zuwa 1924 kamfanin Stanley ya durƙushe. Sai dai ina ganin an yi asarar wani abu. A gareji yau kwamfuta nake jonawa ta gaya mini ciwon mota. Wannan kuwa da kunne da hanci na san halin da take ciki, cikin awa biyu kacal.

Da muka dawo ya buɗe ƙasan tukunya domin dattin ruwa ya fita, tururi ya cika tsakar gidan har ba na ganin fuskarsa. Rigata tana warin kananzir na shiga gida, na kira mahaifina a Zariya. Da na kwatanta masa kukan murhun, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko na duba ruwa kafin na tashi. Asabar mai zuwa zan koma, dattijon ya ce ni zan kunna wutar da kaina.