Asabar: na dafa wa ƙanwata halawa

Ƙanwata ta iso gidan nan tun ban gama karyawa ba. Ta gaishe ni ta zauna bakin gado, hijabinta a jaye har ya rufe haɓa, alhali babu kowa sai ni da yara. Sai da na kora su tsakar gida sannan ta sauke shi.

"Yaya, don Allah duba min nan."

Gashi ne baƙi mai kauri a ƙasan haɓarta da gefen leɓen sama, ga ƙananan ƙuraje, ga wurin ya yi duhu ya bambanta da sauran fuskar. Ashe ta daɗe tana bin sa da reza a banɗaki ba wanda ya sani. Raina ya sosu, ba don gashin ba, sai don yadda ta yi ta fama ita kaɗai. Tana ta cewa rezar ce ta ƙara masa yawa. Na ce mata a'a, reza ba ta ƙara gashi. Yanke shi take yi a kan fata, bakinsa ya fito a dakushe, shi ya sa ake jin kaushi kamar ya ƙaru. Amma ƙurajen nan kam aikinta ne. Allah ya sa ta kwana biyu ba ta aske ba saboda zafin da wurin ke mata, gashin ya kai tsawon da halawa za ta kama, wajen milimita 5.

Halawa a wurin maƙwabciyarmu na koya, wata Hajiya 'yar Maiduguri mai gyaran amare. Su mutanen Borno da Chadi da Sudan wannan abin gidansu ne, tare da dilka da turaren wuta. Kofi 2 na sukari, rubu'in kofi na ruwan lemun tsami, rubu'in kofi na ruwa, shi ke nan. Na tace lemun, na zuba duka a ƙaramar tukunya mai kauri, na rage wutar gas can ƙasa. Aikin duk a tsayuwa yake. Ya fara tafasa fari, ya yi kumfa, a hankali ya soma juyawa ruwan zuma, ƙamshin alewa ya cika kicin har yara suka leƙo. Na ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi, ya dunƙule a yatsana bai narke ba, bai kuma yi tauri ba. Nan take na sauke. Idan aka bar shi ya yi ja sosai ya wuce, sai dai yara su sha. Na juye a tire, ya huce, na jiƙa hannu na gutsuro na dinga ja ina naɗewa har ya yi haske ya yi laushi.

Kafin in taɓa fuskarta na tambaye ta man da take shafawa, kuma na ce ta faɗa min gaskiya. Hajiya ba ta sa wa kowa halawa sai ta yi wannan tambayar, ni ma na riƙe. Mai bilicin, musamman irin na tiyub ɗin nan da ake matsawa cikin man shafawa, fatarta ta riga ta yi siriri, halawa na iya ɗagowa da ita. Irin wannan man shi kansa yana sa gashi ya tsiro a fuska. Haka mai shafa maganin ƙuraje na asibiti mai saɓule fata, ita ma ta haƙura. Ta rantse man kaɗanya kawai take shafawa.

Ta wanke fuska da sabulu, ta bushe, na barbaɗa hoda don gumi ba ya barin halawa ta kama. Na gwada ɗuminta a cikin tsintsiyar hannuna. Ɗan kaɗan na ɗiba, na shafa daga ƙasa zuwa sama, wato ta inda gashin ba ya kwanciya, na ja fatar da yatsu biyu ta miƙe, sannan na fizge da sauri ta inda yake kwanciya, hannuna a kwance kusa da fata, ba sama ba. Na kanti mai ƙyalle akasin haka ake yi da shi, wannan ne ke rikita mutane. Ta ce "Wayyo Yaya!" hawaye suka zubo. Na danna tafin hannuna a wurin har zafin ya lafa. Da na nuna mata gashin a jikin halawar, kowanne da ɗan farin tushensa, sai ta yi dariya da hawayen. Leɓen sama ya fi zafi, don haka na raba shi gida-gida. Inda ƙuraje suke na tsallake, kuma ban maimaita wuri sama da sau biyu ba, don baƙar fata irin tamu da ta ji rauni sai tabo, tabon kuma ya fi gashin daɗewa.

Ta ce in gyara mata gira tunda an fara. Na ƙi. Hadisi ya hana tsige gira, amma gemu ko gashin baki idan ya fito wa mace, Imam Nawawi ya ce cire shi mustahabbi ne. Ashe har wannan ma yana damunta, tana zaton zunubi take yi.

Bayan mun yi azahar muna cin abinci na tambaye ta al'adarta. Ta yi shiru, sannan ta ce takan yi wata biyu ko uku ba ta gani ba, ga ƙiba da take ƙarawa ba dalili. Gabana ya faɗi. Gashi a haɓa, ƙuraje, al'ada mai tsallake, ƙiba, waɗannan su ne alamomin abin da likitoci ke kira PCOS, inda sinadarin da ya fi yawa a jikin maza ke hauhawa a jikin mace. Kusan mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba a gano su ba. Yana iya jinkirta haihuwa, yana kuma kusanta mace da ciwon sukari. Ni ba likita ba ce, wani gashin ma gado ne kawai. Amma abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muke mai da shi abin tsokana, a ce mace mai gemu mai arziki ce ko mai faɗa ce, yarinya ta ji kunya ta ɓoye, shekaru su wuce ba wanda ya ce mata ta je asibiti. Halawa za ta share fuska na 'yan makonni, ba za ta taɓa abin da ke ciki ba.

Da la'asar jan wurin ya ragu. Na ce yau da gobe ban da turare a fuska, ban da dilka, ban da ruwan zafi da shiga rana, kuma ta cire hannunta daga wurin. Ragowar halawar na zuba mata a roba mai murfi, idan ta tashi ta ɗora robar cikin ruwan ɗumi. Na sa ta rubuta watannin da ta ga al'ada a bana gwargwadon abin da ta tuna, don likitan mata zai tambaya. Litinin da sassafe zan raka ta mu yanki kati. Na riga na gaya wa maigida, yara kuma zan bar su wurin Inna.